Ƙafar Da Ta Ƙona Kuloci

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wanda ya rubuto min cewa namiji mai furfura ba ya ba da labarin soyayya, na ji. Ka wuce abinka, ban riƙe maka riga ba. Sauran ku matso.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne. Na ja babbar mota har gwiwata ta fara ƙara, sannan na dawo ƙarama. Matata ta rasu da jimawa, 'yata ɗaya tana ɗakin mijinta, ni kuma ina ɗakin haya da katifa da rediyo da bokiti. Aikina yanzu tuƙa wata baiwar Allah ne mai shagon ɗinki. A gidansu Auta ake ce mata. Ni Hajiya nake cewa, ita kuma Kawu take ce min, duk da ba mu haɗa ko maƙwabtaka ba.

Mijinta a kan hanya ya rasu, shi ke tuƙi. Tun daga nan yayanta, Alhaji, ya dawo da ita sashen baya na gidansa, ya rantse hannunta ba zai taɓa sitiyari ba muddin yana numfashi. Motar tata ce, ƙarama, mai giyar hannu. Amma Alhaji ne ya ɗauke ni aiki, shi ke zuba mai, shi ke tsayar da ni duk yamma a bakin get ya ce, "Direba, ina da ina kuka je yau?" In faɗa masa, ba ragi ba ƙari. Aikin kenan. Ban taɓa cewa yana min daɗi ba.

Kwanakin baya sai motar ta fara wani hali. In na taka totur zan wuce wani, injin ya amsa da ƙarfi, ita kuwa ta tsaya shawara tukuna, sannan ta taho a hankali kamar an tashe ta daga barci. A kan hawa abin ya fi muni. Ga shan mai. Tankin da ke kai mu mako har da ɗoriya, sai ya zama tun tsakiyar mako allurar mai ta kwanta.

Zuciyata ta ce min kuloci ne, farantin nan da ke haɗa injin da giya. Na ce mata ƙarya kike. Kulocin nan ni na tsaya aka sa shi bara, sabo a kwalinsa, kuma ƙafata ba ta cin kuloci. A tashar da na yi aiki da ni ake misali. Don haka na kawar da zancen, na je neman ciwo inda babu shi.

Wata yamma na ajiye Hajiya, ta shige ciki da jakar yadinta, na miƙa wa Alhaji mukulli. Yana tsaye cikin farar shadda, hula a keya, waya biyu a hannu ɗaya. Ya miƙo ɗayan hannun kamar gaisuwa. Da na ba shi nawa sai ya riƙe, ya ɗaga, ya kai hancinsa.

"Alhaji, lafiya?"

"Ƙamshin fetur nake nema."

Maigadi yana zaune a bencinsa, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

"Motar ce ba ta da lafiya," na ce.

"Haka kowane direba ke cewa. Mota ba ta da lafiya, tiyo da jarka kuwa lafiyarsu ƙalau." Ya saki hannuna. "Ka kai ta gareji. In bakanike ya nuna min ciwon da idona, shikenan. In bai nuna ba, zan kira wanda ya tsaya maka, in faɗa masa irin mutumin da ya kawo min."

Wanda ya tsaya min shi ne shugaban direbobin tsohuwar tasharmu. In maganar nan ta shiga kunnensa, kafin magariba ta gama zaga gari. Direba yana iya faɗuwa da mota a ba shi wata. Yana iya zagin maigida a sasanta. Amma in aka ce ɓarawon mai ne, ba mai sake miƙa masa mukulli, ko na keken guragu. Ni kuma ba ni da gona, ba ni da shago. Sunan nan shi kaɗai na tara.

Washegari na kai ta wajen Dogo, bakanikena tun zamanin babbar mota. Garejinsa rumfa ce ta kwano, ƙasa baƙa wuluk da baƙin mai, ga rami a tsakiya.

"Tsoho, me ka yi wa 'yar mutane?"

"Shan mai take, kuma ba ta jin totur."

"Kai ma ai ba ka jin magana, ba a kai ka gareji ba."

Muka fara da mai sauƙi. Ya ciro filogi, bakinsu ya ɗan yi baƙi, muka canza. Ya buɗe filtar iska ya ɗaga ta a rana, haske na wucewa, ya kaɗe ya mayar. Muka canza filtar mai. Aka wanke nozul mai fesa mai. Ya ɗaga motar a jak ya juya tayoyin da hannu ko birki ke kamawa, suka juya sumul. Muka gwada iskar taya, daidai. Na fita gwaji, na dawo ina huci. Tana nan yadda take.

Dogo ya goge hannu da tsumma, ya tsaya yana kallona.

"Shiga. Ja birkin hannu. Sa giya huɗu."

"Ba kuloci ba ne."

"Na tambaye ka? Sa giya huɗu, ka saki ƙafarka a hankali."

Duk wanda ya san mota ya san abin da ya kamata ya faru. Birki a ja, giya babba, ka saki kuloci, dole injin ya mutu nan take. Na saki. Na ɗauke ƙafata gaba ɗaya na ajiye a ƙasa. Injin ya ci gaba da kukansa kamar ba da shi ake ba, sai wani wari da ya taso, irin na roba a wuta.

Dogo ya shiga rami. Da aka sauke giyabos, wato akwatin giya, ya fito min da farantin kulocin. Ya suɗe tas, ya yi santsi, gefensa ya ƙone har ya sauya launi.

"Ga shan manka, ga rashin jin toturka. Injin yana aiki, ƙarfin ba ya kaiwa taya, a nan yake ƙonewa." Ya juya farantin. "Amma wannan ƙafar ɗan koyo ce, Tsoho. Mai ɗora ƙafa rabi da rabi yana taka totur don tsoron kada ta mutu masa. Ko tsufa ne ya sa ka fara gyangyaɗi a kan feda?"

"Kakanka ne ke gyangyaɗi."

"To wa ka ba mota?"

Na ce ba kowa. Amma ina faɗa, wani abu ya faɗo min a rai. Don tun wajen lokacin da motar ta fara wannan hali, duk azahar Hajiya takan leƙo daga shago ta ce, "Kawu, ajiye mukullin a kan tebur, ka je ka ci abinci ka huta, sai la'asar." Ni kuwa in tafi ina sa mata albarka. In na dawo nakan ji kujera ta ɗan matse min gwiwa, madubi ya ɗan sunkuya, sai in zagi masu wankin mota a raina in gyara.

Aka sa sabon kuloci. Tsohon na naɗe shi a leda na ajiye a ɗakina.

Kashegari da azahar ta leƙo, doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi, tef ɗin awo a wuya. "Kawu, je ka huta." Na ajiye mukulli, na tsallaka titi, na zauna a bayan tulin tayoyin mai faci. Ban daɗe ba sai ga ta. Takalmin mai tsini da ta zo da shi da safe babu shi, wani shimfiɗaɗɗe ne a ƙafarta. Daga shagon magani na kusa wani ya fito, siriri, mai gilashi, riga a goge har tana ɗaukar ido. Na san shi. Mai kemis ne. Ya taɓa zuwa gidan neman aurenta, Alhaji ya sallame shi daga bakin get, ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga yaron da ta girme shi ba.

Shi ya ja motar. Na tare mai babur na ce ya bi su daga nesa. Suka tsaya a wani fili bayan tsofaffin ɗakunan ajiya, ba kowa sai awaki. Suka yi musayar kujera.

Jama'a, na ga tuƙi iri-iri, amma ranar na ji tausayin ƙarfe. Giya ɗaya, totur har ƙasa, ƙafa rabi a kan kuloci, motar na ihu tana tafiyar hawainiya. Sabon kulocina. Shi kuma gogan yana tafa mata. Ta zaga fili, ta sake zagawa, gilashi a sauke, mayafin ya zame kafaɗa, tana dariya da baki buɗe.

Na daɗe ina tuƙa matar nan. Na kai ta asibiti, na kai ta kasuwa, na kai ta gidan rasuwa da gidan biki. Ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba sai ranar.

Tunda na ce zan faɗa muku komai, to ga shi. Ina son ta. Ba yau ba. Ban faɗa wa kowa ba, ban faɗa mata ba, da wane baki? Ita tana bayan mota tana lissafin yadi da mai sayayya a waya, ni ina gaba ina kallon titi, wani lokaci madubi. In ta ce, "Kawu, ka ci abinci kuwa?" sai in wuni da wannan. Iyakata kenan, kuma na san iyakata.

Mai babur ya ce, "Baba, matarka ce?"

Na ce, "Juya mu tafi."

Da yamma saƙon murya ya shigo daga Alhaji. "Direba, gobe bayan la'asar ka same ni a falo. Ka zo da abin da bakanike ya gani." Ban gama saurara ba sai ga nata a rubuce: "Kawu na ji Yaya yana nemanka gobe. Lafiya dai?" Na daɗe ina kallon wayar. Na rubuta, "Lafiya." Ta turo hoton hannu biyu na addu'a.

Ku duba min inda nake. In na faɗi abin da na gani, na wanke kaina, amma Alhaji zai karɓe motar, ya rufe shagon, ya zaunar da ita a sashen baya tana kallon bango. Na san shi, zai yi. In na yi shiru, ni ne ɓarawo. Na juya ta nan, na juya ta can, sai na samo wata 'yar ƙofa: in ce ƙafata ce. Gara a ce na tsufa da a ce na yi sata. Ko wannan ɗin sai da na haɗiye shi da ƙyar.

Falon Alhaji babba ne, kujerun fata masu sanyi, kafet mai laushi da ke haɗiye ƙafa, talabijin na aiki ba murya, labule mai kauri a ƙofar da ke shiga cikin gida. Na cire takalmi na zauna a ƙasa. Na kwance leda na ajiye farantin a gabansa.

"Kuloci ne, Alhaji. Ya ƙone. Shi ke sa ta shan mai."

Ya taɓa shi da bakin takalminsa. "Ba bara aka sa ba?"

"Bara ne."

"Me ya ƙona shi?"

"Ƙafata. Gwiwar ce ta fara ba ni matsala, ina ɗora ƙafar ban sani ba."

Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba. "Na kira bakaniken naka da safe. Ya ce in aka ce masa ƙafarka ce ta yi wannan, zai rufe gareji ya koma sayar da ruwa. Ya ce ɗan koyo ne."

Dogo ya so ya taimake ni ne. Allah ya saka masa, ya kashe ni.

"Don haka abin ya wuce tiyo da jarka," in ji Alhaji. "Da rana kana ɗaukar motar marainiyar Allah kana koya wa mutane tuƙi, kana karɓa a aljihu. Da man da na zuba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Fanka na juyawa a sama, zufa na bin bayana.

"Na ce yaya ne?"

"Ba ni da abin cewa, Alhaji."

Ya ɗauki waya, ya sa gilashinsa, ya fara neman lamba da ɗan yatsa. Ina ganin sunan shugabanmu ya fito a fuskar wayar, da manyan baƙaƙe. Sai labule ya motsa.

"Yaya, ajiye wayar. Ni ce."

Ta fito da rigar gida mai ɗigo-ɗigo, hijabi har gwiwa, ba takalmi. Hannunta ɗaya na riƙe da labulen.

"Ke ce me?"

"Ni nake koyon mota. Kawu bai saci komai ba. Ni na ƙona abin."

Alhaji ya cire gilashin a hankali. Muryarsa ta sauka ƙasa. "Auta. Ni na je na ɗauko mijinki daga bakin titi. Da hannuna. Ke ba ki gan shi ba, ni na gan shi."

"Na sani, Yaya. Amma ni ban mutu ba. Ko allura zan saya sai an kai ni, an dawo da ni, an ba da rahoto."

"Wa ke koya miki?"

In ta ambaci mai kemis, ta san ƙarshen zancensu kenan har abada. Ta juyo ta kalle ni, kallo ɗaya, irin na wanda ruwa ya ci yana neman abin kamawa.

"Kawu ne."

Alhaji ya juyo gare ni. Da na ce a'a, da an gama. Ban ce ba.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Duk yamma ina tambayarka ina kuka je, kana kallon tsakiyar idona."

"Haka ne."

Ya miƙe, ya je bakin taga, ya dawo. Ya tsaya a kaina har ina jin turarensa. "Yanzun nan ina shirin ɓata maka suna a duk garin nan, kana zaune ka yi gum. Ka yarda a ce maka ɓarawo don kada a taɓa ta. Namiji ba ya yi wa mace haka don albashi. Kullum ku biyu a fili, ba kowa. Direba, tsakaninka da Allah, son ta kake?"

Na yi ƙarya biyu a falon nan, kuma duk sun fita da sauƙi. Da aka haɗa ni da Allah sai bakina ya ƙi ta uku.

"Ina son ta, Alhaji. Na daɗe. Ban taɓa faɗa mata ba, ban taɓa yi mata kallon banza ba. Na san ni ba kowa ba ne, ɗaki ɗaya gare ni. Amma in ta yi tari a bayan mota, ni nake jin ciwon. Ka tambaye ni, na faɗa maka."

Ban ɗaga kai na kalle ta ba.

Alhaji ya koma ya zauna, ya kife wayar a hannun kujera. Ya daɗe yana murza goshi.

"Ban so ba," ya ce. "Amma da wancan yaron mai gilashi, gara kai. Kai aƙalla ka san hanya. In dai sai ta hau titi, gara a ce kana gefenta." Ya nuna ni da yatsa. "Sai dai ba a wasa da ƙanwata. Ranar Lahadi ka zo min da wani babba naka, mu yi magana ta manya. Tashi ka je. Ɗauki ƙarfenka."

Na naɗe farantin na fita. Maigadi ya miƙe ya buɗe min ƙaramar ƙofa har da cewa a sauka lafiya. Ba wanda zai ce min ɓarawo. Na taka har gida ban ji nisan ba. Ba zan ɓoye muku ba, a hanya har na fara tunanin wa zan kira, har na tsaya gaban wani shago ina kallon yadi, ni da rabona da sabon ɗinki tun bikin 'yata.

Ina sa mukulli a ƙofar ɗakina wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne, nata. Na zauna a bakin katifa na kara a kunne. Da raɗa take magana, tana danne dariya.

"Kawu! Kawu, Allah ya biya ka, Allah ya sa ka gama lafiya. Ka yafe min, wallahi rasa abin cewa na yi. Amma kai, ashe haka ka iya? Har muryarka rawa take! Wai in na yi tari kai ke jin ciwon. Ni kaina na kusa yarda, sai da na ciji hijabi. Don Allah ka daure ka ja min Yaya da magana na ɗan lokaci, ka ce babban naka ya yi tafiya ko wani abu, har mai kemis ya gama shirinsa. Na faɗa masa komai, yana gaishe ka, ya ce kai uba ne. Kuma gobe kada ka tafi hutu, tare za mu je filin mu uku, tunda yanzu Yaya ya san da kai nake fita. Ka ji, Kawuna?"

Na saurara har ƙarshe. Na sake saurara.

Kafin in ajiye wayar wani saƙon ya shigo, na Alhaji. "Na daina ce maka Direba daga yau. Wa za ka kawo min ranar Lahadi? Faɗa min sunansa in san irin tarbar da zan yi."

Na danna wajen magana a nata. Na riƙe, wayar na ƙirga shiruna. Na ce, "To, Hajiya. Allah ya kai mu." Na tura.

Saƙon Alhaji yana nan a buɗe a hannuna. Ya ga na saurara.